Yinin Jira a Kafin Gawo

Motarmu ta mutu a bakin gada.
Direba ya leƙa ciki, ya ja tsaki,
Ya ce sai an kawo ƙarfe daga Ringim.
Na ɗau jakata, na bi hanyar kasuwa.

Ba ranar cinta ba ce. Rumfuna fayau,
Akuya kwance bisa teburin mahauci.
Wani tsoho, Jatau, yana ɗinkin buhu,
Ya ce, "Baƙo, ka ga gidan sarkinmu?
Ajiye jakar nan, ba mai taɓawa."

Ƙofar fada ba ta kai zatona ba.
Zanko biyu, ɗaya damina ta gutsura.
Dogari ya rataye jar riga a ƙusa,
Yana ɓare gyaɗa cikin ƙoƙo.
"Sarki na gona, yau ake maimai,
Ku shiga, amma ku kula da hawa."

Sai da na sunkuya kafin na shiga.
Sanyi ya tare ni kamar cikin randa.
Azara a jere kamar haƙarƙari,
Bakan gizo ya tallafe rufin,
Baƙin hayaƙin fitilun da suka mutu
Tun kakata ba ta san ɗaurin zane ba
Yana nan, ya ƙi gogewa.

Takobi a bango, kubensa ya zaizaye,
Kusa da kalandar masu sayar da taki.
Tambari a lungu, fatarsa ta yage,
Kaza ta samu ɗakin ƙwai a ciki.
Na yi dariya, Jatau bai yi ba,
Ya ce sau biyu ya ji kukansa,
Duk biyun ranar rasuwa.

Ya ja hannuna, ya nuna can sama,
Inda yaɓe ya haɗu da katako:
Tafin hannu ƙarami, yatsu biyar.
"Nawa ne. Ina ɗan shekara bakwai,
Ubana magini ya ɗora ni a kafaɗa,
Na dafa don kada in faɗo.
Sarki uku sun zauna ƙarƙashinsa,
Ba wanda ya ce a shafe."
Na ɗaga waya na ɗauka,
Shi kuma yana ta dubawa.

Maƙera yanzu walda suke,
Ƙofofin ƙarfe jingine a katanga.
Zugazugi ɗaya ya rage da numfashi,
Mai shi na gyaran bakin fartanya.
A marina na ƙirga karofi sha biyu,
Biyu da shuni, goma da kwaɗi.
Majema kam hanci ya riga ido,
Tun daga lungu nake jin bagaruwa.

Azahar ta same mu a ƙofar Tasalla.
Ɗanwake da man gyaɗa da yaji,
Ta ƙara min ludayi ba ta tambaya ba,
Ta ce, "Na ga wuyanka, kana ramewa."

A hanyar komawa muka yi kiciɓis
Da wani kan keke, laka har gwiwa,
Hauya ɗaure a bayan sirdi.
Na ce masa sannu, kamar kowa.
Na waiga, Jatau ya kai ƙasa.
Mai keken ya sauke ƙafa ɗaya:
"Kai ne na motar da ta lalace?
In ba ta tashi ba, akwai ɗaki."
Ya taka ya wuce, sarƙa na ƙara,
Ni ko ban san inda zan sa kaina ba,
Kunya ta hana ni ko durƙusawa.

Gab da magariba direba ya yi oda.
Na miƙa wa Jatau ɗari biyar,
Ya maida min cikin aljihu.
"Hoton nan dai, in ka wanke, aiko.
Idona ya daina kaiwa can."

Mun wuce gada na buɗe waya.
Duhun soron ya cinye komai,
Ba bango, ba azara, ba yatsu.
Jakata a cinya, ba abin da ya ɓace.
Ina lissafin ranar dawowa.